Likitar da Ta Bi Sawun Dalma Gida-Gida

A shekarar 1910, a wani asibiti na birnin Shikago da ke Amurka, an kwantar da wani lebura ɗan asalin ƙasar Polan. Cikinsa na murɗawa kamar ana tufka igiya da hanjinsa, hannuwansa biyu kuma sun saki daga wuyan hannu, sun langaɓe, ba ya iya ɗaga su. Duk likitan da ya san aikinsa, in ya ga waɗannan alamu biyu a jikin mutum ɗaya, zai ce gubar dalma ce. Abin da ya ɗaure kai shi ne sana'ar mutumin. Takardar asibiti ta ce a masana'antar bahon wanka yake aiki, shi ke yi wa bahon ƙarfe farin shafen nan mai ƙyalli, irin wanda muke gani a jikin langa. Littattafan likitancin Ingila da na Jamus, waɗanda su ne madogara a wancan zamani, ba su sa wannan sana'a cikin masu haɗarin dalma ba.

Likitar da ta ci karo da takardar, Alice Hamilton, ta tashi ta tafi masana'antar. Aka karɓe ta da fara'a, aka tabbatar mata babu dalma a cikin shafensu, har aka shigar da ita ɗakin aiki ta ga 'yan ma'aikata suna yi wa bayan baho fenti, ba ƙura ba hayaƙi. Da wani ne, da nan ya rufe littafinsa ya koma ofis, tunda gani ya kori ji. Ita kuwa sai ta nemi gidan majinyacin ta same shi. Shi ya faɗa mata cewa ai ba a kai ta inda ake aikin ba, ɗakin gyare-gyaren ƙarshe kawai aka nuna mata. Ainihin masana'antar tana can wani gefen gari. Da ta je can sai ta tarar ana fito da baho daga tanderu ya yi jajawur, ma'aikata na barbaɗa masa garin shafen yana narkewa, ƙurar garin ta turnuƙe ɗakin. Ta samu ɗan samfuri daga hannun wani ma'aikaci, wanda ya ce yakan ɗibar wa matarsa ta goge tukwane da wuƙaƙe. Da aka auna garin, kashi 20 cikin ɗari nasa dalma ce mai narkewa a jikin mutum.

Na fara da wannan labari ne domin duk hanyar binciken Hamilton tana cikinsa. Ta gane tun da wuri cewa ofishin kamfani yana nuna wa baƙo abin da yake so ya gani, asibiti kuma yana rubuta ciwo ya mance da sana'a, saboda haka wanda kaɗai ke riƙe da bakin zaren biyu shi ne ma'aikacin da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1700 likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka gada: su tambayi majinyaci aikin da yake yi. A 1775 Percivall Pott ya danganta wani nau'in ciwon daji da kunkunniyar da masu sharar bututun hayaƙi na Landan ke cuɗanya da ita tun suna yara. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 Ingila ta wajabta wa likitoci kai rahoton duk wanda ya sha gubar dalma a wurin aiki, a 1898 kuma ta naɗa Thomas Legge babban likitan duba masana'antu na farko. Amurka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu masana'antunta da likitocinta da yawa sun gamsar da kansu cewa wannan matsalar Turai ce, wai ma'aikacin Amurka ya fi samun albashi da abinci, masana'antunsu kuma sun fi faɗi da iska. Rashin alƙaluma sai ya zama hujjar rashin ciwo. A taron ƙasa da ƙasa kan cututtukan sana'a da aka yi a Burasels a 1910, Hamilton na zaune wani jami'in Beljiyam ya ce sanin kowa ne babu wani tsarin kare lafiyar ma'aikata a Amurka, ita kuma ba ta da abin da za ta musa masa da shi.

Abin da ya raba ta da sauran likitocin ƙasarta shi ne wurin kwananta. An haife ta a 1869 a gidan masu hali, ta girma a Fort Wayne ta jihar Indiyana, ta gama karatun likita a Jami'ar Mishigan a 1893, ta ƙaro ilimi a Jamus. A 1897 ta koma Shikago koyarwa, sai ta tare a Hull House, wani gida da Jane Addams ta kafa a tsakiyar unguwar baƙin haure domin masu ilimi su zauna cikin talakawa su yi musu hidima. Ta shekara 22 a can. Maƙwabtanta 'yan Italiya ne da 'yan Polan da Girkawa da Yahudawan Rasha, kuma daga bakin matansu ta riƙa jin labarin mazajen da hayaƙin masana'antar ƙarfe ya kayar, da masu fenti da hannunsu ya shanye. Da gwamnan jihar Ilinoi, Charles Deneen, ya kafa kwamitin binciken cututtukan sana'a a 1908, aka sa ta ciki. A 1910 aka ɗora mata jagorancin binciken. Ta rarraba wa mataimakanta sauran gubobin, ita ta ɗauki dalma.

Ya kamata mai karatu ya san abin da dalma ke yi, domin a nan wahalar binciken take. Jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin da ke gina ƙashi, ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru. Tana hana jini haɗuwa yadda ya kamata, sai mutum ya ɗashe ya rame. Tana ƙulle ciki da ciwo mai tsanani, tana kashe jijiyoyin da ke ɗaga hannu, wani lokaci ta bar shuɗin layi a dasashi. In ta yi yawa sai ta hau ƙwaƙwalwa: jijjiga, gushewar hankali, mutuwa. Kowace ɗaya daga cikin alamun nan tana kama da wata cuta daban. Likitan da bai tambayi sana'a ba zai rubuta ciwon ciki, ko farfaɗiya, ko shaye-shaye, ya sallami mutum ya koma cikin ƙurar da ta kawo shi.

Ga kuma yadda ake ɗaukar ma'aikatan. A masana'antun farar dalma, wadda ake haɗa fenti da ita, ana jera faya-fayen dalma a tukwane masu ruwan tsami, a binne su cikin ɓawon itace na kusan wata uku har su rikiɗe su zama farin gari, sannan a turo leburori su tono su kankare. Wannan aiki sabbin baƙin haure ake ba wa, waɗanda ba su jin Turanci. Mutum ya yi 'yan makonni, ciki ya fara murɗawa, ya daina zuwa, gobe a ɗauki wani a bakin ƙofa. Littafin kamfani bai rubuta cewa wani ya yi ciwo ba, ya dai rubuta cewa wani ya bar aiki. Saboda haka manajan da ya rantse bai taɓa ganin mai gubar dalma a masana'antarsa ba, sau da yawa gaskiyarsa yake faɗa. Tsarin ne ya kawar masa da majinyatan daga gabansa kafin ya gan su.

Hamilton ta bi su inda suka tafi. Ta zauna ta karanta takardun asibitoci ɗaya bayan ɗaya tana tsamo masu alamun dalma. Ta bi adireshinsu zuwa gidajen haya. Ta tambayi masu shagon magani na unguwa, da limaman coci, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, ta shiga har mashayar da ma'aikata ke taruwa bayan an tashi, domin a nan bakinsu ke buɗewa ba tsoron mai kula da lebura. Ba ta sa sunan mutum a lissafinta sai ta haɗa abu biyu: shaidar likita a kan ciwon, da tabbacin wurin da ya yi aiki. Ita da tawagarta sun shiga wuraren aiki fiye da 300, suka gano ayyuka fiye da 70 da ake amfani da dalma a cikinsu, har da waɗanda ba wanda ya zata, kamar goge gilashi da naɗe sigari da takardar dalma. Suka tabbatar da mutum 578 da suka sha gubar. Wannan adadi ƙasa yake da gaskiyar lamarin nesa ba kusa ba, amma kowane ɗaya a cikinsa mutum ne mai suna da gida da takardar asibiti, ba wanda zai iya kore shi da baki.

Binciken ya kuma rushe wata hujja da masu masana'antu suka daɗe suna fakewa da ita, cewa laifin ma'aikatan ne: ba su wanke hannu kafin cin abinci, ga shan giya. Hamilton ta nuna cewa babbar ƙofar dalma ita ce numfashi, wato ƙura da hayaƙin da ke ɗakin aiki. Bambancin ba ƙarami ba ne. In hannu ne, sabulu da wa'azi sun wadatar, nauyin kuma yana wuyan lebura. In iska ce, sai an jiƙa garin, an kafa na'urar zuƙe ƙura, an sauya fasalin ginin, kuma wannan kuɗin mai masana'anta ne. A 1911 jihar Ilinoi ta yi dokar da ta wajabta matakan kariya, da duba lafiyar masu aikin dalma wata-wata, da kai rahoton wanda ya kamu.

Labarin da aka fi bayarwa daga wannan lokaci shi ne haɗuwarta da Edward Cornish, mataimakin shugaban kamfanin National Lead. Ta gaya masa ido da ido cewa masana'antunsa na Shikago suna sanya wa mutane guba. Ya fusata, ya kira wani ma'aikaci ya tambaye shi ko dalma ta taɓa sa shi ciwo. Mutumin, a gaban maigidansa, ya ce a'a. Cornish ya ce in ta kawo hujja zai yi duk abin da ta ce. Ta koma asibitoci da gidaje ta dawo masa da mutum 22. Ya cika alkawari, ya gyara masana'antun, ya ɗauki likitoci. Ana yawan kawo wannan labari a matsayin shaidar cewa lallashi ya fi doka. Ni ban karanta shi haka ba. Abin da na gani shi ne rayukan ɗaruruwan mutane sun rataya a kan halin mutum ɗaya, kuma an yi sa'a halin nasa mai kyau ne.

Daga 1911 gwamnatin tarayya ta ɗauke ta ta yi irin wannan bincike a faɗin ƙasar, bisa sharuɗɗan da yau za su ba mutum dariya: ba ta da ikon shiga kowace masana'anta sai da yardar mai ita, ba ta da albashi, sai ta gama rahoto gwamnati ta saya. A haka ta bi masu narka dalma, da masu tangaran, da masu batir, da masu roba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka ɓoye wuraren haɗa nakiyoyi, ta riƙa gano su ta hanyar jan hayaƙin da ke tashi sama, ko ta bi mutanen da sinadarin ya rina fatarsu da gashinsu suka koma rawaya. A 1919 Jami'ar Harvard ta nemi malamin wannan fanni ta rasa namijin da ya kai ta, ta ɗauke ta, mace ta farko a cikin malamanta, da sharaɗin ba za ta shiga kulob ɗin malamai ba, ba za ta karɓi tikitin kallon ƙwallo ba, ba za ta shiga jerin gwanon bikin yaye ɗalibai ba. Har ta yi ritaya a 1935 ba a ƙara mata girma ba.

Amma hanyar tata tana da iyaka, kuma dalmar ce dai ta nuna mata iyakar. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani haɗin dalma, in an ɗiga shi a fetur, yana hana injin mota ƙwanƙwasa. A watan Oktoba na 1924, a matatar Standard Oil da ke Bayway ta jihar New Jersey, masu haɗa sinadarin suka fara haukacewa. Biyar suka mutu, aka kwantar da gommai. A masana'antar DuPont da ke Deepwater ma'aikata sun riƙa kore ƙwarin da babu su daga jikinsu. Jaridu suka ɗauka, wasu birane suka hana sayar da fetur ɗin, babban likitan gwamnati ya kira taro a Washintan a watan Mayu na 1925. Hamilton ta halarta, ta tsaya a kan cewa ko an kare ma'aikatan masana'anta, ba za a iya kare jama'ar da za a watsa wa dalma a kowane titi ba, don haka a nemi wani sinadarin.

Ta sha kaye. Kamfanonin suka amsa cewa matsalar ta cikin masana'anta ce, sun kuma gyara, in akwai wata illa ga jama'a a kawo hujja. A nan ne takalmin Hamilton ya kasa. Ba gidan da za ta je ta ƙwanƙwasa, domin gubar ta rarrabu kaɗan-kaɗan a jikin miliyoyin mutane, illarta kuma sai bayan shekaru, a ƙwaƙwalwar yaran da ba a ma haifa ba. Kwamitin da aka naɗa ya duba ma'aikata 252 cikin 'yan watanni, ya ce a farkon 1926 bai ga dalilin hanawa ba, ya nemi a ci gaba da dogon bincike da kuɗin gwamnati. Ba a yi ba. Shekaru kusan arba'in, yawancin abin da duniya ta sani game da dalmar fetur daga ɗakin binciken Robert Kehoe yake fitowa a Jami'ar Cincinnati, kamfanonin da ke sayar da sinadarin ne kuma ke biyan kuɗinsa. Sai a 1965 Clair Patterson, masanin sinadaran duwatsu wanda ba ya cin abincinsu, ya nuna yawan dalmar da ta taru a jikin mutanen zamani. Hamilton ta rasu a watan Satumba na 1970 tana da shekara 101, wata uku kafin a sa hannu a dokar tarayya ta kare lafiyar ma'aikata. Fetur mai dalma kuwa bai bar gidajen man duniya ba sai 2021, lokacin da Aljeriya ta ƙarar da nata.

Mai karatu a Gusau ko Kano ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da ya sa wannan tarihi ya shafe shi. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau a Zamfara, suka tarar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda yara ke jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Irin kuskuren asibitocin Shikago ne ya so maimaituwa: alama ta yi kama da cutar da aka saba gani. Abin da ya warware shi tambayar Ramazzini ce, wato me ake yi a gidajen nan. Farashin zinare ya tashi, mutane sun koma haƙa, dutsen yankin kuma cike yake da dalma. Ana kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Najeriya, ta bi ƙauyuka biyu gida-gida a watan Mayu na shekarar, tana tambayar iyaye yaran da suka rasa da kuma ko ana sarrafa dutse a cikin gidan. Daga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da ake ba da maganin tsamo dalma daga jiki. Jimillar yaran da suka rasu a jihar ta kai aƙalla 400.

Binciken irin na Hamilton ne sak, har da bin gida-gida. Abin da ya bambanta shi ne wanda za a kai wa sakamakon. A Shikago akwai ƙofar masana'anta, akwai Cornish da za a ajiye wa sunaye 22 a kan tebur. A Dareta da 'Yargalma wurin aiki shi ne tsakar gida, mai aikin shi ne uba, mai niƙa ita ce uwa, wanda ya fi shaƙar ƙurar kuma yaro ne da bai taɓa karɓar lada ba. Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 an rubuta su ne domin wurin aiki mai rajista da ma'aikaci mai albashi. Mai duba masana'antu ba shi da hurumi a bayan zaure. Hana haƙar da hukuma ta yi bai tsayar da ita ba, tunda abin da buhun dutse ke kawowa gona ba ta kawo shi, sai dai ya sa mutane ɓoye aikin daga masu tambaya. Abin da ya rage mace-macen shi ne fitar da niƙa daga cikin gari da yardar masu unguwanni da hakimai, da kankare ƙasar tsakar gidaje a zuba sabuwa, sannan a yi wa yaran magani, domin ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta gurɓata shi. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira kuɗin wannan aiki daga gwamnatin tarayya har 2013, yaranta na zaune cikin ƙurar. Bayan shekara biyu, a 2015, aka sake ganin yara masu jijjiga a ƙauyukan haƙar zinare na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda 28 suka rasu.